Gumbar da Inna Ta Kai Yelwa

Har yau in watan Janairu ya kai tsakiya, rediyo ya fara busa begilar nan yana cewa a tuna da 'yan mazan jiya, sai raina ya ɓaci. Jikokina sun san halina. Da sun ji an fara sai su kalli juna su ce, to, yau tsohuwa za ta yi faɗa da akwati. Ina kuwa yi. Suna dariya, su a ganinsu rigimar tsufa ce. Ba tsufa ba ne, tun ina da ƙuruciyata na ɗauko wannan fushin, a wani fili a Yelwa, lokacin muna cikin jihar Sakkwato.

Mu mutanen gungu ne, wato tsibiri a tsakiyar Kwara, tsakanin Wara da Yelwa. Da rani albasa muke nomawa, da damina gero da shinkafa, maza kuma suna taɓa kamun kifi. Yayana shi ne ɗan farin Inna. Wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da wannan yake nufi. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya yi ciwo ma ba ta nuna ta damu. Kunya ce, haka ta tarar, haka uwarta ta yi mata. Inna kuwa ta fi kowa riƙe abin. In tuwo ya sauka sai ta ce mini, "Ce ma wancan ya zo ya ci." In wani yaro a unguwa sunansu ɗaya, shi ma ya rasa suna a bakinta, ya koma "mai sunan wancan". Ni da nake auta ana goya ni ana yi mini kirari, har tausayin Yaya nake ji, ina tsammanin ba ta son sa. Sai da na yi wayo na lura kullum malmalarsa ta fi ta kowa girma, kuma kan kifi a kwanonsa yake sauka.

Shekarar da aka fara yaƙin basasa ya kai albasa kasuwar Yelwa, bai dawo ba. Kwandunan ne suka dawo a jirgin wani maƙwabcinmu, da saƙon baki cewa ya shiga motar masu ɗaukar soja. Sau ɗaya ya zo gida cikin kaki kafin a wuce da su kudu. Gungu kaf ya fito kallo. Inna tana bakin turmi, ta juya masa baya tana daka abin da ya riga ya daku. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa wa taɓarya. Da zai tafi ta miƙo mini ƙullin busasshen kifi ta ce, "Kai ma wancan." Ko fuskarsa ba ta duba ba, ina wurin.

Bai daɗe da tafiya ba aka rufe madatsar Kainji, ruwa ya fara hawa. Aka kwashe mu aka kai mu sabon gari a kan tudu, cikin gidajen siminti masu rufi mai doro, waɗanda da rana mutum yake gasuwa a cikinsu. Gungunmu ya nutse da gonakin albasa da masallaci da kaburburan kakanninmu. Kowa yana kukan gonarsa, Inna kuwa damuwarta ɗaya ce: in wancan ya dawo, ina zai nufa? Zai zo bakin ruwa ya tarar babu garin. Daga nan ta ɗauki wata al'ada. Duk ranar kasuwa sai ta sauka bakin ruwa ta bi masu jirage ɗaya-ɗaya tana cewa, "In kun ga wani soja yana cigiyar gungunmu, ku hwaɗa mai inda anka maido mu." Har suka saba. Da sun hango ta sai su riga ta, "Inna, saƙon yana nan, ba mu manta ba."

Yaƙi ya ƙare, waɗanda za su dawo suka dawo. Can daga baya wani mutumin wajen Shanga da suka yi soja tare ya neme mu har sabon gari. Ya zauna da Baba a zaure ya ce, can kudu an sa su ƙetare wani babban kogi, wannan Kwarar tamu ce ma in ta gangara, aka buɗe wa jirginsu wuta a tsakiyar ruwa. Shi ya fita, amma bai ga fitar Yaya ba, bai kuma ga gawarsa ba. Da labari ya shiga cikin gida Inna ta yi tsaki ta ce, "Ɗan gungu ruwa zai ci? Yaron da ya iya iyo kahin ya iya tahiya?" Ta ci gaba da tankaɗenta.

Liman ya ce ba a yi wa mutum salla sai ga gawa, amma in ana so a yi sadaka da addu'a, ba laifi. Baba ya ce wa ya ga gawar da za a yi sadaka? A wurinmu in an daka gumba an raba, an gama magana, mutum ya mutu ke nan. Aka bar abin haka. Baba ya rasu yana jira. Inna ta ci gaba da sauka bakin ruwa ranar kasuwa, shekara da shekaru. Ni kuwa na yi makarantar horon malamai, na yi aure a nan cikin gari, ina koyarwa a firamare, ina kallon uwata tana tsufa a tsakanin ya mutu da bai mutu ba.

Shekara goma sha wani abu bayan yaƙin, wani ɗan aike ya zo a kan babur ya sauka gidan mai gari. Ya ce ana neman iyalan waɗanda suka rasa 'ya'ya a yaƙi, su hallara a Yelwa ranar kaza, gwamnati za ta tuna da su. Aka nuna masa gidanmu. Ya tsaya a ƙofa ya tambaya wane ne namu, na faɗa masa sunan, ya gyaɗa kai ya tayar da babur. Inna tana bayan zana tana ji.

Da ya tafi ta fito daga bayan zanan. Can ta ce, "Su sunka ɗauke shi. In sun ce yana cikin waɗanda za a tuna, sun san abin da ba mu sani ba." Ta ce, "Tunawa ai kiran suna ne. Za su kira shi gaban jama'a, malamai su yi mai addu'a, kowa ya shahwa." Ni kaina haka na ɗauka. A rediyo kawai nake jin taron, ban taɓa gani ba, kuma wace irin tunawa ce da mamaci in ba a ambace shi an roƙa masa gafara ba? Abin da Inna take nema bai wuce wannan ba. Ita bakinta ba zai iya ba, tana so wani ya faɗa mata sunan ɗanta da ƙarfi, a ce Allah ya jiƙansa, ta ce amin.

Ana gobe tafiya ta jiƙa gero. Na ce ta kawo in daka, ta hana ni. Matar da ta daɗe da barin taɓarya saboda ciwon kafaɗa, ita ta surfa, ta wanke, ta daka, ta zuba zuma, ta cuccura da hannunta. Matan unguwa suka leƙo, suka ga gumba, suka koma ba wadda ta yi tambaya. Kowa ya gane Inna ta sallama. Ta jera curin a sabuwar ƙwarya, ta rufe da faifai, ta ɗaure da farin ƙyalle.

Da sassafe muka shiga jirgi mai inji. Lokacin baƙin ruwa ne, wato cikar Kwara ta hunturu, tafki ya cika ya batse, sanyi yana ratsa zane. Da muka zo daidai inda gungunmu yake a da, mai jirgin ya rage wuta kamar yadda suke yi in sun ɗauko mutanenmu. Ba abin gani, ruwa ne kawai da kan wata busasshiyar giginya. Inna ta kalli wurin, ta gyara ƙwaryar a cinyarta.

A filin taron aka raba mu tun daga ƙofa. Masu manyan riguna da matansu aka nuna musu rumfa da kujeru masu taushi. Mu iyalan mamatan, mu da aka ce dominmu ake taron, aka jera mu a bencin 'yan makaranta a tsakiyar rana. Wani mai tsaron ƙofa ya ce ba a shiga da kaya, Inna ta ajiye ƙwaryarta a waje. Na ce masa sadakar mamaci ce, in yana da ƙarfin hali ya taɓa. Ya dube ni, ya dubi tsohuwar, ya matsa. Wannan ne faɗana na farko a ranar, ban san somin taɓi ba ne.

Muka zauna jiran babban baƙo har rana ta take. A gefenmu akwai wasu tsofaffin sojoji, wasu na yaƙin Bama ne ma, sun sa kakin da ya yi musu yawa, lambobi suna lilo a ƙirjinsu. An tsayar da su a layi tun hantsi, har ɗaya ya yanke jiki ya faɗi aka janye shi gindin darbejiya. 'Yan rumfa ana bi da su da lemon kwalba. Mu kuwa wata yarinya ta bi mu tana maƙala mana wani ɗan jan fure na takarda a ƙirji. Inna ta shafa nata ta ce, "Wanga na mi ne?" Na ce alama ce. Ta ce, "To."

Da babban baƙo ya iso aka fara jawabai, duk da Turanci. Duk wanda ya hau ya sauka, sai Inna ta taɓa ni da gwiwar hannu, "Sun hwaɗi?" In ce tukuna. Wani ya hau, ya gode wa na sama da shi, ya gode wa na saman wancan, ya yi maganar haɗin kan ƙasa, ya yi maganar hanyar da za a gyara da rijiyoyin da za a haƙa. "Sun hwaɗi?" Tukuna, Inna. Ina jin Turancin sarai, kuma tun a jawabi na biyu na gane ba sunan da za a kira, ba na Yaya ba, ba na ɗan kowa ba. Aka ba wani malami abin magana, na ce to, ga shi nan. Ya roƙa wa shugabanni lafiya, ya roƙa wa ƙasa zaman lafiya, ya haɗa mamatan duka a numfashi ɗaya, kafin mu gama ɗaga hannu an karɓe abin maganar.

Sai manya suka tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa aka miƙa masa wani zoben furannin roba, ya taka a hankali ya jingina shi a jikin wani dogon ginin siminti, ya ɗan rusuna. Mai hoto yana biye da su. Inna ta ce, "Kabarin wa ne?" Na ce ba kowa a ciki. Ta juyo ta dube ni kamar ni na gina shi.

Aka busa begila. Mai sanarwa ya ce kowa ya miƙe, za a yi shiru na minti ɗaya. Na kama Inna muka tashi. Ta ce, "Mi anka ce?" Na ce an ce a yi shiru. Ta ce, "Shiru? Sunan hwa?" Na ce, "Inna, ba za su faɗa ba. Daga wannan an tashi."

Fili ya yi tsit, ba ka jin komai sai tutoci suna kaɗawa. Inna ta sunkuya ta ajiye ƙwaryar a kan benci. Ta ɗaga tafukanta biyu. Sai na ji ta kira sunan Yaya. Sunansa na yanka, cikakke, ta haɗa da na Baba, da murya mai ƙarfi irin ta mai kiran yaro daga ƙetaren ruwa. Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, har sai da ya yi mini baƙo a kunne. Ta ce, "Allah ya jiƙanka, Allah ya gahwarta ma, Allah ya sa ruwan da ya ci ka..."

Ba ta ƙarasa ba. Wani mutum cikin masu shirya taron, saurayi ne ma, da wani jan ƙyalle a kafaɗa, ya taho da sassarfa yana zaro ido. Ya sunkuyo a kanta ya ce, "Ke tsohuwa, rufe mana baki! Ba ki ga ana girmama matattu ba?"

Inna ta sauke hannuwanta. Ta ja mayafi ta rufe bakinta da shi.

Wallahi ban san lokacin da na yi kansa ba. Na ce, "Kai, uwarka za ka ce wa ta rufe baki? Wane mataccen kake girmamawa, simintin? Ɗan wa kuka zuba a ruwa, naka ko nata? Kun kira mu tun daga Wara ku shanya mu a rana ku sha lemo, sunan mutum ɗaya ya gagare ku!" Duk wannan a cikin shirun nasu nake yi, muryata har rumfa. Kawuna suka juyo. Wani ɗan sanda ya nufo ni, wata mata a bayana tana jan zanena tana cewa malama ki yi haƙuri, ki tuna da aikinki. Sai aka harba bindigogi sama, Inna ta firgita ta dafa ni, ƙarar ta haɗiye sauran maganata. Kafin hayaƙi ya washe manya sun fara shiga motoci, saurayin ya ɓace a cikinsu.

Fili ya watse ya bar mu a benci, ƙwarya tana nan a ɗaure. Inna ba ta motsa ba. Can wani tsohon soja mai hannu ɗaya ya baro layinsu ya zo ya durƙusa a gabanta. Ya ce, "Inna, na ji kin ambaci wani, amma kunnena ya yi nauyi tun wajen yaƙi. Maimaita mini sunan, mu yi masa addu'a." Inna ta buɗe baki, ta rufe. Ta kawar da kai gefe, ta taɓa ni da gwiwar hannu. Ni na faɗa masa.

Ya kira 'yan'uwansa, muka koma gindin darbejiyar nan. Tsofaffi ne da ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, sun yini a tsaye ba wanda ya ba su ko ruwa. Suka zauna a ƙasa da lambobinsu, suka karanta Ƙulhuwallahu, suka kira sunan Yaya, kowa ya ƙara da sunayen nasa abokan da aka baro a can, muka shafa. Na kwance ƙyallen na raba gumba. Suka ci da yunwa, suna sa albarka. Allah ya saka musu, ban manta da su ba. Amma kada wani ya ce mini ai ga shi an yi abin da aka je yi. Uwata tana zaune a bayan itace, ta juya baya, amin ɗinta ma ba ta fito ba.

Da la'asar muka sauka bakin ruwa. Mai jirgin da ya kawo mu ya karɓi ƙwaryar, ya ji ba nauyi, ya dubi Inna. Saboda sabo ya ce, "Inna, saƙon yana nan, ba mu manta ba." Ta ce, "Ku bar shi, ɗana. Ba mai zuwa." Ya cire hularsa ya mayar, ya tayar da inji.

Muka yi nisa a kan ruwa. Ina ta tafasa, ina tsara abin da ya kamata in ƙara gaya wa saurayin nan. Da muka zo daidai giginyar, mai jirgi ya rage wuta, Inna ta ciro jan furen takardar daga ƙirjinta ta miƙo mini. Na zaci za ta zage su, na matso don in taya ta. Sai ta ce, a hankali yadda mai jirgi ba zai ji ba, "Ki yi haƙuri, na ba ki kunya cikin mutane. Ban san ba a hwaɗi ba. Da na sani da na riƙe bakina kamar kullum."

Wannan ce maganar da ban yafe ba. Ba zafin rana ba, ba lemon kwalba ba. Matar da ta riƙe sunan ɗanta a ciki tun ranar da aka raɗa masa shi, ta ba da ɗan aka kai yaƙi, ta yi ta jiran sa a bakin ruwa, ta daure sau ɗaya tak ta kira shi, sai ta koma gida tana ganin ita ce ta yi laifi. Na rantse mata ba ta yi ba, na yi kuka, na yi faɗa, ta ce to, to, ya isa. Amma na san ba ta yarda ba. Ta daina sauka bakin ruwa ranar kasuwa. Duk shekara in lokacin ya zagayo takan sa in daka gumba in raba wa maƙwabta, ta ce, "Ta wancan ce." Har ta koma ga Allah ba ta sake kiran sunan ba.

Shi ya sa in rediyo ya ce a miƙe a yi shiru, ni ba na miƙewa, ba na kuma yin shiru. Nakan zauna a tabarmata in ɗaga hannu in kira sunan Yaya da ƙarfi, in haɗa da na Baba, yadda ta yi. Sannan in ƙarasa mata addu'ar daga inda aka katse ta.